Hannu, Ido da Natsuwa a Wasan Bolin

Wasan bolin yana cikin wasannin da ake samu a manyan wuraren shaƙatawa na Abuja da Legas, inda ɗan wasa yake ɗaukar ƙwallo mai nauyi ya gangara ta a kan wani dogon layi mai santsi domin ta kayar da kwalaben katako goma da aka jera a can ƙarshe. Da yake mafi yawan masu shiga irin waɗannan wurare nishaɗi ne ya kai su, sai jama'a suka ɗauke shi wasan 'ya'yan masu hali wanda ba ya buƙatar komai sai ƙarfin damtse da sa'a, alhali kuwa wasa ne na gasa mai tsayayyun dokoki tun shekarar 1895, lokacin da aka kafa ƙungiyarsa ta farko mai faɗa a ji a birnin New York na Amurka. An nuna shi a gasar Olamfik ta birnin Seoul a 1988, an fafata a kansa a wasannin ƙasashe rainon Ingila na Kuala Lumpur a 1998, kuma an taɓa kawo gasar cin kofin duniyarsa nahiyar Afirka, a Johannesburg a 1993 da Alƙahira a 1997. Matashin da ya tashi a Obi ko Daddere ko Agwatashi na jihar Nasarawa, ya bi ta Lafiya da Akwanga da Keffi ya isa Abuja har ya tarar da layukan bolin a wuri irin The Dome, zai ga kayan wasan baƙi ne a idonsa, amma abin da wasan yake nema a wurinsa ya riga ya san shi a teburin sunuka da kuma bugun fenariti. A dukansu ƙwallo tana nan a tsaye har sai mutum ya motsa ta, abokin karawa ba ya taɓa shi, saboda haka duk kuskuren da ya auku daga jikinsa ko daga zuciyarsa ya fito.

Daga layin iyaka, wanda ɗan wasa ba ya tsallake shi, zuwa kwalbar da ke kan gaba akwai ƙafa 60, wato mita 18 da 'yan kai, faɗin layin kuma ya ɗara mita ɗaya kaɗan, an raba shi zuwa siraran falankai 39, sannan akwai lambatu a kowane gefe wanda ƙwallon da ta kauce take faɗawa. Kowace kwalba tsayinta inci 15 ne, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi, an jera su a siffar dala da lambobi daga 1 a gaba zuwa 7, 8, 9 da 10 a sahun baya. Ƙwallon ba ta wuce fam 16, kimanin kilo 7 da kwata, kuma masu horarwa sukan shawarci mai koyo ya fara da wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa ba.

Wasa ɗaya turmi goma ne, a kowane turmi ana ba mutum jifa biyu. Idan ya kayar da duka goman a jifan farko ya yi sitiraik, sai a rubuta masa goma haɗe da abin da ya samu a jifa biyu masu zuwa. Idan kuwa sai a jifa na biyu ya ƙarasa ragowar, ya yi safaya, sai a ba shi goma haɗe da abin da jifa ɗaya mai zuwa ya kawo. Sitiraik 12 a jere, wato na turmi goma haɗe da jifa biyu masu bin na ƙarshe, su ne suke ba da maki 300, wanda babu abin da ya fi shi. Wannan lissafi yana ɗauke da darasin da masu koyo suka fi yin sakaci da shi. Wanda yake kayar da kwalba tara a kowane turmi amma yana kuskuren ta goman zai tashi da maki 90, wanda kuma yake kayar da taran nan ya ƙarasa ɗayar a kowane turmi zai tashi da 190 ba tare da ya yi sitiraik ko ɗaya ba. Tazarar maki ɗari ke nan a kan kwalba guda, kuma wannan ya isa hujja cewa mai son shiga gasa ya kamata ya ba safaya rabin lokacin atisayensa, ko da yake ita ce ba ta jawo tafi da shewa.

Jifa mai kyau yana farawa ne daga ƙafa. Tsarin da aka fi koyarwa shi ne na taku huɗu, inda mai amfani da hannun dama yake ɗaga ƙafar dama tare da tura ƙwallon gaba a lokaci ɗaya, a taku na biyu nauyinta ya ja hannun ƙasa, a na uku ta kai ƙarshen lilonta a baya, a na huɗu kuma ƙafar hagu ta sulala zuwa bakin layin iyaka daidai lokacin da ƙwallon take wucewa ta gefen idon sawu. Abin da ake nema shi ne hannu ya yi lilo da nauyin ƙwallon kawai, kafaɗa ta saki, domin da zarar damtse ya shiga aikin sai gudun ƙwallon ya riƙa bambanta daga jifa zuwa jifa. Ana sanya babban yatsa da yatsan tsakiya da wanda ke binsa a ramuka uku, kuma 'yan gasa gaɓar farko kaɗai ta yatsun biyu suke sanyawa, saboda a wajen saki babban yatsa ne yake fara fita, sannan yatsun biyu su ɗan ɗaga gefen ƙwallon su ba ta juyi. Idan mai haƙa ramukan bai auna hannun mai ita da kyau ba, dole ya riƙa matse ta don kada ta suɓuce, matsewar nan kuwa ita ce take ɓata saki. Alamar da mai horarwa yake dubawa bayan ƙwallon ta tafi ita ce ko ɗan wasa zai iya tsayawa cak a kan ƙafar hagu, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu a sama, har ƙwallon ta isa kwalabe. Wanda ya yi tangaɗi ya sauke ɗaya ƙafar, akwai abin da ya lalace a takunsa tun daga baya.

Wannan tsari ba shi kaɗai ne hanya ba. Jason Belmonte, wanda aka haifa a 1983 a garin Orange na Ostireliya inda iyayensa suke da gidan bolin, ya fara wasa yana ƙaramin yaron da ba ya iya ɗaga ƙwallo da hannu ɗaya, sai ya saba jifa da hannu biyu ba tare da sanya babban yatsa ba, kuma da wannan salo da aka daɗe ana yi wa kallon raini ya lashe manyan kofuna 15 a gasar ƙwararru ta Amurka, abin da babu wanda ya riga shi yi. Abin da ya haɗa shi da masu hannu ɗaya irin su Earl Anthony mai kofuna 43 da Walter Ray Williams ƙarami mai 47 shi ne kowannensu yana iya maimaita jifa iri ɗaya sau ɗaruruwa ba tare da ya sauya ba.

Mai koyo yakan zuba wa kwalabe ido, gwani kuwa kibau bakwai da aka zana a kan layin yake kallo, waɗanda suke wajen ƙafa 15 daga layin iyaka, falankai biyar-biyar tsakaninsu, domin auna abu na kusa ya fi sauƙi da tabbas. Inda ake son ƙwallon ta shiga shi ne tsakanin kwalba ta 1 da ta 3 ga mai hannun dama, wurin da ake kira aljihu, kuma a cikakken sitiraik kwalabe huɗu kacal ƙwallon take taɓawa, ta 1 da ta 3 da ta 5 da ta 9, sauran shidan 'yan uwansu ne suke buge su. Binciken hukumar bolin ta Amurka ya nuna cewa ƙwallon da ta shiga aljihu a karkace da kusan digiri 6 ta fi samun sitiraik, ƙwallon da aka jefa a miƙe kuwa ko daga can gefe ta taso karkatarta ba ta kai digiri 2. Dalilin ke nan da ya sa 'yan gasa suke koyon lanƙwasa, wato su sa ƙwallon ta tafi ta gefe sannan ta karyo ciki a kusa da ƙarshe.

Lanƙwasar nan ta dogara ne a kan wani abu da ɗan kallo ba ya gani ko kaɗan, shi ne man da ake shafa wa layin. Asali an fara shafa shi ne don kare katako daga gogayya, amma yau shi ne ginshiƙin gasar. Inji yana shimfiɗa shi daga layin iyaka zuwa wajen ƙafa 40, ya bar sauran a bushe, sai ƙwallon ta yi tafiya kashi uku: ta sulala a kan mai, ta fara kamawa ta karkata inda man ya ƙare, sannan ta mirgina sosai zuwa aljihu. Duk wanda ya tuƙa babur a kan hanyar laka bayan ruwan sama ya san yadda taya take juyawa a banza har sai ta taka busasshiyar ƙasa ta kama ta fizgi babur ɗin, to haka ƙwallon take yi. A gidajen shaƙatawa ana tara man a tsakiya a bar gefuna da kaɗan, ta yadda ƙwallon da ta yi waje za ta samu bushewa ta dawo, wadda ta yi ciki kuma ta sulala ta tsaya a kan hanya, shi ya sa mutum yake iya tara maki mai yawa a can har ya ɗauka ya ƙware. A gasa kuwa ana baje man kusan daidai daga gefe zuwa gefe, kuskuren falanki biyu ya isa ya hana sitiraik. Ƙungiyar ƙwararru ta Amurka, wadda Eddie Elias na Akron ta jihar Ohio ya kafa a 1958, har sunayen dabbobi ta sanya wa tsare-tsaren manta, wani gajere wani dogo. 'Yan wasa suna da wani lissafi na kusa-kusa, inda suke cire 31 daga tsawon man don su san falankin da ya kamata ƙwallon ta kasance a kai lokacin da take fita daga cikinsa, ta yadda idan man ƙafa 41 ne, falanki na 10 ake nema. Muhimmancin man ya kai ga cewa a 1982, lokacin da Glenn Allison ya yi 300 sau uku a jere, hukuma ta ƙi amincewa da bajintar saboda yanayin man layin, sai a 1997 aka amince da irin ta ta farko, wadda Jeremy Sonnenfeld ya yi a Lincoln ta jihar Nebraska.

Wahalar ita ce man ba ya zama yadda aka shimfiɗa shi. Ƙwallayen zamani, waɗanda aka fara yi da wani irin roba mai tsotsar mai a farkon shekarun 1990, suna kwashe shi daga hanyar da ake yawan bi, wasu kuma suna jan sa gaba zuwa wurin da yake a bushe, saboda haka jifan da ya ba da sitiraik a turmi na biyu yana iya zarcewa fuskar kwalba ta 1 a turmi na bakwai ya bar giɓi, wato kwalabe biyu ko fiye da suka rage nesa da juna. Ƙa'idar gyara ita ce mutum ya matsar da ƙafafunsa wajen da ƙwallon ta kauce, sau da yawa falanki biyu a ƙafa da ɗaya a ido. A wajen safaya ma lissafi ne: mai hannun dama yana matsawa dama da falanki 3 don kwalba ta 2, da 6 don ta 4, da 9 don ta 7, yana kallon kibiyarsa ta kullum, ita kuwa ta 10 yakan koma can hagu ya ratsa layin da ƙwallon roba mai santsi wadda ba ta lanƙwasa. Giɓin ta 7 da ta 10 shi ne mafi muni, sau huɗu kacal aka taɓa ƙarasa shi a gasar ƙwararru da aka nuna a talabijin, na farko Mark Roth a 1980, na baya-bayan nan Anthony Neuer a 2021, don haka mai hankali yakan ɗauki ɗaya ya wuce.

A daidai nan ne fasaha da natsuwa suke zama abu ɗaya, domin ɗan wasa ba zai iya sanin cewa man ne ya sauya ba sai ya tabbata jifansa bai sauya ba, kuma ba zai tabbata da haka ba idan hankalinsa yana kan allon maki. Jifa ɗaya daƙiƙu kaɗan yake ɗauka, amma tsakanin jifa da jifa akwai mintuna na zama da jira, a wannan zaman ne zuciya take ƙirga sitiraik nawa suka rage da abin da mutane za su ce. Masana halayyar ɗan Adam, tun daga aikin Roy Baumeister na 1984 zuwa na Sian Beilock daga baya, sun bayyana hanyoyi biyu da fargaba take karya gwani. Ta farko ita ce tunanin sakamako ya cinye hankalin da ya kamata ya tafi kan kibiya, ta biyu kuma, wadda ta fi ban mamaki, ita ce mutum ya koma sa ido a kan gaɓoɓinsa yana ba su umarni ɗaya bayan ɗaya, sai motsin da jiki ya riga ya haddace ya wargaje. A zahiri ana ganin abin a tafin hannu da ya jiƙe da gumi, da yatsan da ya matse rami, da takun da ya ƙara sauri, da idon da ya tashi daga kibiya tun ƙwallon ba ta bar hannu ba.

Wannan ba cutar masu koyo kaɗai ba ce. A 1991 Del Ballard ƙarami, wanda ya riga ya lashe manyan kofuna, yana buƙatar kwalabe bakwai kacal a jifansa na ƙarshe don ya doke Pete Weber a wasan ƙarshe na wata gasa da ake nunawa kai tsaye, sai ƙwallon ta faɗa lambatu bai samu ko ɗaya ba. Abin da ya fi cancantar a tuna game da shi shi ne bai bar wannan rana ta zama ƙarshen labarinsa ba, domin ya sake lashe gasa a cikin shekarar, kuma a 1993 ya ɗauki babban kofin Amurka karo na biyu.

Maganin da bincike ya fi goyon baya shi ne tsayayyen tsarin shiri kafin kowane jifa, wanda ba ya sauyawa ko a atisaye ko a wasan ƙarshe. Ɗan wasa ya goge ƙwallon da tawul, ya busar da hannunsa, ya ɗora ƙafa a kan falankin da ya zaɓa, ya ja numfashi mai zurfi ya sake shi a hankali, ya kafa ido a kan kibiya, ya faɗa wa kansa kalma ɗaya kamar “saki” ko “sannu”, sannan ya tafi ba tare da ya daɗe a tsaye ba. Mai addini, Musulmi ne ko Kirista, yana iya sanya gajeriyar addu'arsa a cikin wannan tsari, matuƙar a wuri ɗaya take zuwa kowane lokaci. Christopher Mesagno da abokan aikinsa sun gwada irin wannan shiri a 2008 a Ostireliya, a kan 'yan bolin da aka san fargaba tana kayar da su, suka ga saitinsu ya inganta a lokacin matsi. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada kuma ta nuna cewa gwanayen wasannin saiti suna barin idonsu a kan abin da suke auna na tsawon lokaci fiye da na sauran mutane kafin su motsa, kuma ana iya koyar da wannan. Amfanin tsarin shi ne yana ba hankali ƙaramin aiki da zai riƙe, ya bar jiki ya yi abin da ya iya.

Abu na biyu shi ne ɗan wasa ya koyi raba kyawun jifa da sakamakonsa, kuma a nan ne mutane da yawa masu hazaƙa suke faɗuwa. A wasan ƙarshe na gasar zakaru ta 1970 Don Johnson ya yi sitiraik 11 a jere, ya jefa ta 12 cikin aljihu yadda ya kamata, amma kwalba ta 10 ta ƙi faɗuwa, ya tashi da 299. Jifa mai kyau yana iya barin kwalba, mummunan jifa kuma yana iya kwashe duka, don haka tambayoyin da suka dace bayan kowane jifa uku ne: ko ƙwallon ta bi ta kan kibiyar, ko gudunta daidai ne, ko sakin ya fita lafiya. Idan amsar duka e ce amma ƙwallon ta kauce, man ne ya motsa, sai a gyara tsayuwa. Idan ɗaya ta zama a'a, babu abin da za a taɓa sai a sake jifan da kyau. Wanda ya gyara tsayuwarsa a kan kuskuren hannunsa ya tara kuskure biyu, daga nan ne fushi yake shigowa, turmi ɗaya da ya lalace ya ja uku a bayansa.

Ga matashin da yake zaune a Obi, wanda kowane wasa ɗaya yake nufin kuɗin mota zuwa Abuja da kuɗin layi, hikima ita ce ya yi a gida duk abin da ba ya buƙatar layi. Taku huɗu da sulalawa da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ana iya koyonsu a kan siminti mai santsi da aka ja wa layi da alli, ƙarfin cinya da na wuyan hannu ana gina su ba tare da ƙwallo ba, tsarin numfashi da kafa ido kuma teburin sunuka ya isa wurin gwada shi. Idan ya samu layi, ya fi masa amfani ya manta da maki ya yi wasan da ake auna kwalba ta 7 da ta 10 kaɗai, ya rubuta a littafi safaya nawa ya samu da nawa ya rasa da kwalbar da ta fi ba shi wahala, sannan ya sa abokai su tsaya a kansa suna kallo, ko ya ɗora wa kansa sharaɗin cewa sai ya ƙarasa ta 10 sau biyar a jere kafin ya tashi, domin jiki ya saba da bugun zuciya tun kafin ranar gasa.

Ƙasashen da suka yi fice a wannan wasa ba duka ne suka gaje shi ba. Paeng Nepomuceno na Filifin ya ɗauki kofin duniya sau huɗu, a 1976 da 1980 da 1992 da 1996, Mohammed Khalifa Al Qubaisi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ɗauka a 1988, Ahmed Shaheen na Ƙatar a 1999, Maleshiya kuma ta fitar da Shalin Zulkifli a ɓangaren mata da Rafiq Ismail wanda ya zama zakaran duniya a 2018. Jihar Nasarawa tana maƙwabtaka da Abuja, tana da jami'o'i a Lafiya da Keffi cike da matasa, don haka ba ta rasa waɗanda za su koya ba. Duk ɗan kasuwa ko hukumar wasanni da za su shimfiɗa layukan bolin a Lafiya, ya kamata tun a lissafin farko su sanya injin shafa mai da mai haƙa ramukan ƙwallo da mai horarwa, su kuma ware sa'o'i masu rahusa ga ɗalibai, domin in babu waɗannan, za a samu wurin shaƙatawa amma ba za a samu ɗan gasa ba.